Maƙalar Malamina, Wahalar Ɗalibarsa

Assalamu alaikum Malam Muntari. Don Allah ka taimake ni, kaina ya kulle, kuma nan Sakkwato duk wanda na faɗa wa, maganar sai ta zagaya gari.

Ni ƙaramin malami ne a wata jami'a, ina cikin masu duba maƙalu kafin mujallar sashenmu ta buga su. Ƙa'ida ita ce a cire sunan marubuci, kai dai ka karanta ka ce a buga ko kada a buga. Sati uku da sunka wuce anka miƙo min wata kan noman shinkafa a fadama. Ban kai shafi na huɗu ba na gane ta. Aikin Sadiyatu ne, ɗalibarmu mai neman digiri na biyu, babi ne daga kundinta, ni na gyara mata shi da kaina. Damina biyu ta yi tana bin manoma cikin taɓo, ta biyun ma da tsohon ciki. Taken maƙalar kawai anka canza. Na tambayi edita ko sunanta na ciki, ya ce suna ɗaya ne kan takardar, ya kau da kai.

Ranar Juma'a na je gaida Malam Attahiru (duk sunayen na sakaya su) a zaurensa na Ƙofar Kware, kamar yadda na saba. Shi ke duba kundin Sadiyatu. Shi ya karantar da ni, tare sunka yi karatun zaure da mahaifina, shi ya raɗa min suna. Ina durƙushe ya ce ya ji takardarsa na hannuna, ya san ba zan ba shi kunya ba, ya sa min albarka. Na ce amin.

Gidanmu ba a yi wa malami gyara. Ko aya ya ƙetare, sai dai wani babba ya yi gyaran murya. Amma nan da wata biyu Sadiyatu za ta kare kundinta. In mujalla ta riga fita, mai jarrabawa daga waje zai ga aikin da sunan wani, ita za a kira ɓarauniya. Kuma ba ta san komi ba, jiya ma da fara'arta ta gaishe ni. Matata ta ce in kawo uzuri in mayar da maƙalar, to ai wani za a ba ya sa hannu. Kunya nake ji, tsoro nake ji. Mi zan yi?

Naka, Wanda Ya Rasa Mafita, Minanata.

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kunyar da kake ji tarbiyya ce, ba zan ce ka yar da ita ba. Mu kuma yi wa Malam adalci: akwai dattawan da har zuciyarsu suke ganin aikin ɗalibi nasu ne, tunda su suka nuna hanya. Kuskure ne, amma ba kullum ne mugunta ba.

Sai dai kada ka sa hannu. Tunda ka san marubucin, dama bai halatta ka ci gaba da dubawa ba. Ka nemi dattijo sa'ansa mai riƙe sirri, ku sami Malam ba ranar taro ba, a nuna masa haɗarin da yarinyar take ciki, a roƙe shi ya janye maƙalar, ya dawo da ita sunan Sadiyatu a gaba, nasa a baya. Wannan ƙofa ce da zai fita da girmansa. Ita kuma ka ce ta adana duk kwafin da ta taɓa turawa, da kwanan watansu. In sati biyu suka cika bai janye ba, ka rubuta wa edita dalilinka a takarda, ka haɗa da shafukan kundin, ka riƙe kwafi.

Ba zan yaudare ka ba, yana iya yin fushi, mahaifinka ma haka. Amma Malam yana da masu kare shi da yawa. Sadiyatu kuwa, a duk jami'ar nan kai kaɗai ka karanta takardun biyu kuma abin ya dame ka. In ka yi shiru, ba ta da kowa.

Allah Ya ƙarfafa maka gwiwa, Ya sanyaya zuciyar Malam, Ya fitar da ita lafiya.