Hasumiya Sai a Ƙarshe

Zuwa ga 'yata Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗaliban nan naki masu kunnen ƙashi. Mu dai mun sauka lafiya. Jirgin bai faɗo ba, ko da yake na damƙe hannun ɗanki har ya ce zan karya masa yatsun sana'a.

Matar da ke da masaukinmu ce za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo miki a waya, don ba na son angon nawa ya san abin da nake gaya miki. Kada ki gyara mini rubutu da jan biro, ni na haife ki.

Kin yi ta ƙorafi don me ya zaɓe ni na rako shi, ya bar ki. To ke duk lokacin da kika leƙa ɗakinsa, "kashe abin nan" kawai kike cewa. Ni kuwa shekara da shekaru ina gefensa a kujerar nan mai ɓallallen hannu, ina ɗinki, ina kallon ɗan mutumin da ke cikin wasansa na bidiyo yana tsallake rufin gidajen mutane ba sallama. Wallahi Malama, garin nan na cikin wasa gaskiya ne. Muna fitowa daga mota na hango ganuwar, na ce masa ai daga kan nan ka faɗo ranar da ka yi fushi ka ƙi cin abinci.

Amma tun ba a kwance jaka ba muka yi faɗa. Kin san abin da likita ya ce: idonsa na hagu ya tafi, abin da ya rage a na dama kamar leƙe ne ta ramin makulli, ramin kuma tsukewa yake yi, ba wanda ya san ranar da zai rufe. Kin kuma san babu abin da ya kawo shi sai hasumiyar bakin teku. Don haka na ce gobe da safe mu fara da ita. Ya ƙi. Wai a wasan hasumiya ce matakin ƙarshe, ba mai hawa sai ya wuce ƙofar gari, ya wuce tsohuwar kasuwa, ya haye gada, kowanne da ranarsa. Wai masu tsallake mataki 'yan ha'inci ne, shi kuma bai taɓa ha'inci ba. Na ce zan sake shi in auri direban da ya ɗauko mu. Ya ce direban ma ba zai iya da ni ba.

Ki yi mana addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Uwarki,
Tsohuwa mai ran ƙarfe

Zuwa ga 'yata Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya aiki, ya ciwon kan naki? Ki daina kuka a waya, ɗanki yana jin muryarki.

Mun ga ƙofar gari. Ya kai fuskarsa dab da dutsen yana bin zanen a hankali kamar mai neman allura, ya ce sun kwaikwayi har tsagewar da ke gefe. Washegari muka shiga kasuwa, a nan ne ɗanki ya ba ni mamaki. Rana ta yi masa yawa, ya runtse ido, ya dafa kafaɗata. Kowa ya gan mu sai ya ce tsohuwa ce ke jan saurayi, alhali shi ke tuƙa ni. Ya ce mu yi hagu akwai famfon dutse, sai ga famfo. Ya ce mu yi dama akwai matakala, sai ga matakala. Yatsunsa suna ta motsi a kafaɗata kamar yana danna abin wasan, na ce ya sassauta, ni ba batir gare ni ba.

Sai daɗi ya ɗebe shi. Ya ce akwai wani lungu bayan rumfar masu tagulla, ta nan yake tserewa a wasan in dakaru sun biyo shi. Ya sake ni ya yi gaba da sauri. Malama, babu lungu. Bango ne. Masu wasan ne suka ƙirƙiri abinsu. Ya gwara goshi har ya fashe, ya zauna a ƙasa yana dariya, ni ma na taya shi, ina share masa jinin da gefen mayafi. Na gode Allah da ba ya ganin fuskata sosai.

Da safen nan ya zuba shayi a gefen kofi, ya yi ta zubawa a kan tebur har sai da ya ji zafi a cinyarsa. Na goge teburin. Sai na kama gwiwa na hau nishi, na ce ƙafar nan ba za ta kai jibi ba, in yana son in hau hasumiya da shi to yau ne. Ya ce shi ya fi kowa sanin nishina na ƙarya, da shi nake korar baƙi. Ya ce saura gada.

Mun je gadar. Ya tambaye ni ko mun kusa zakunan dutsen nan biyu. Yana tsaye ne a tsakaninsu.

Gobe hasumiya, in Allah ya kai mu. Ki gaida babansa.

Uwarki,
Tsohuwa

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

Mun hau. Matakalar a murɗe take, ga ƙunci, ga sanyin dutse. Shi ke gaba yana shafa bango, ni ina baya riƙe da rigarsa, ina tsine wa wanda ya gina ta. Da muka fito sarari iska ta buge mu, ya kama ƙarfen ya tsaya, yana juya kai sannu a hankali, yana neman ɗan ramin nan nasa. Ya daɗe yana nema. Sai ya ce, Kaka, fari kawai nake gani. Ya ce in gaya masa abin da ke gabanmu.

Na duba. Ranar a lumshe take, tekun kamar ruwan wanki. Manyan injinan ɗaga kaya sun tare bakin ruwa, ƙasa kuma filin ajiye motoci ne, da rufin kwano, da wani gini da aka naɗe da koriyar raga.

Kin tuna ranar da ya gama wasan, na rangaɗa guɗa har kika zo kina buga ƙofa wai kina duba jarrabawa? Abin da na gani a allon ran nan shi na ba shi. Na ce ga rana can tana fitowa daga ruwa kamar garwashi. Ga jiragen ruwa masu jajayen filafilai suna shigowa a jere. Ga tsuntsaye farare sun tashi daga ganuwa, ga rufin gidaje jajaye har iyakar gani, duk waɗanda ya tattake wa mutane.

Bakinsa ya ɗan motsa. Ya ce jiragen nan ai sun daina yawo tun kafin a haifi kakar kakata, kuma shi yana jin ƙarar tirela. Na ce to malam mai sani, in bai so ba in mayar da kayana. Ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce in ci gaba, na manta da tutar da ke kan jirgin gaba.

Na ci gaba. Mai gadin hasumiyar ya zo har sau biyu, ya ƙyale mu ya koma.

Ban ce masa "da mun fara da nan, da ka gani" ba, ke ma kada ki faɗa. A hanyar saukowa shi da kansa ya ce ko ba komai bai tsallake mataki ko ɗaya ba.

Abu guda nake roƙonki. Na san ki, kafin mu iso za ki tattara na'urar wasan nan ki cusa a kwali don kada ta tuna masa. Ki bar ta a inda take, ki sa a gyara hannun kujerata. Yatsunsa suna nan, hanyoyin duk suna kansa, ni kuma da sauran idona in na sa tabarau. Zan riƙa gaya masa inda dakaru suke. In kin ga dama ki jawo kujera, sai dai ban da "kashe abin nan".

Ki zo filin jirgi da kanki. Kada ki tsaya daga nesa kina ɗaga hannu. Ki matso, ki kira shi.

Uwarki