Ranar da Muka Sunkuyar da Kai

Maska, ta Funtuwa

Zuwa ga ƙanena Talha,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Raudatu da 'yar lelena Aisha Humaira. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa binciken nan naka da ba ya ƙarewa ya amfane ka duniya da lahira. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, masara ta shigo gida, saura dawa. Gwaggo Ladidi ƙafar nan ce dai ke matsa mata, amma bakinta lafiya lau, ka san ta. 'Yata Fiddausi ta gama jarrabawa, yanzu ita ke riƙe mini girki idan na tafi makaranta. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda duk sa'ad da na kira ka, kafin in kai rabin zance ka riga ka fara yi mini lacca, ni kuwa yanzu ba ni da ƙarfin musu. Ka daure ka karanta har ƙarshe, Dakta, ko da za ta ɓata maka rai.

Maganar Baba ce. Jikinsa yana nan yadda ka bar shi tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi bara. Hannun dama da ƙafar dama ba su dawo ba, da hagu yake cin abinci, kuma har gobe ba ya yarda baƙo ya gan shi yana ci saboda kunyar hannun. Bakinsa ma haka. Kalma ɗaya ce ta rage masa, wato alhamdulillahi, ita yake faɗa idan yana jin yunwa, ita yake faɗa idan an take masa ƙafa. Amma hankalinsa garau yake. Da la'asar ana fitar da shi ƙofar gida ya yi dara da abokinsa Malam Mahadi, kuma yana cinye shi har Malam ya tashi yana mita. Ran nan masu aiki suka jera buhunan masara jikin bangon da ke tsatstsafo da ruwa, ya yi ta buga sanda har sai da aka kwashe su. Ban manta abin da ka gaya mana ba da ka zo duba shi, cewa ku da abokan aikinku kun gano wurin magana daban yake a ƙwaƙwalwa, wurin tunani daban, kuma mutum yana iya rasa ɗaya ya tsira da ɗayan. A lokacin na ɗauka lallashinmu kake yi. Yanzu na yarda, don ni ke kwana ni ke tashi da shi.

Sai ka aiko mana da na'urar nan mai hotuna, wadda ka ce kun koya mata muryar Baba daga tsofaffin saƙonnin da yake tura maka ta waya. Ya taɓa hoton kofi, ita kuma ta haɗa zance cikakke ta faɗa da muryarsa. Ranar da muka fara jin ta, Gwaggo ta yi kuka har ta shiɗe, maƙwabta suka cika tsakar gida suna sauraro. Ba zan ɓoye maka ba, ta rage mini wahala. Na daina zagaya ɗaki ina ɗaga masa kaya ɗaya bayan ɗaya don in gane abin da yake so. Abin da kawai ya ba ni dariya shi ne ladabinta. Baban da ka sani, wanda in yana son ruwa sai dai ya yi gyaran murya, wai shi ne yanzu ke cewa don Allah a taimaka masa da ruwa, Allah ya yi albarka. Muka yi ta raha cewa ciwo ya sa Baba ya yi laushi. Shi kuwa in ta yi irin wannan dogon zance sai ya harare ta, mu kuma mu ƙara dariya.

Bayan babbar salla Yaya Mudi ya zo daga Funtuwa ya tara mu a ɗakin Baba, da Kawu Almustapha da Gwaggo da ni. Ya kawo shawarar a kai Baba gidan shi Yaya can cikin gari. Kada ka ce ina zarginsa, hujjojinsa masu kyau ne. Ya ce asibiti kusa ne, mai gasa masa jiki zai riƙa zuwa har gida, ba sai an ɗora tsoho a kan babur ana ratsa ramuka da shi ba. Ya ce kuma Hansai ta gaji, kowa ya dube ni ya san haka. Gaskiya ya faɗa, na gaji, bayana ma ya fara ƙi. Amma ya ce ba zai ɗaga mahaifinsa daga gidansa ba sai da yardarsa, tunda ga na'ura, a bar Baba ya yi magana da kansa. Ni aka ba riƙon ta, don hannu ɗaya ya rage wa Baba. Na durƙusa a gefensa. Baba ya daɗe yana dubawa, ya taɓa hoton gida, ya taɓa hoton Yaya. Shi ke nan abin da ya taɓa. Sai murya ta fito, muryarsa sak, tana cewa ya yarda zai koma gidan Mudi, Allah ya yi masa albarka.

Ka san tarbiyyar gidanmu. Tun muna yara, idan Baba ya fara magana kowa kansa ƙasa, ba a haɗa ido da shi. To da muryar nan ta fito, jikin kowa ya yi abin da ya saba. Yaya ya sunkuyar da kai, Gwaggo ta ja mayafi, har Kawu da furfurarsa ya zuba wa tabarma ido. Ni ma da haka zan yi, sai dai na'urar ta fara zamewa daga hannuna, na ɗago don in gyara, idona ya faɗa kan fuskarsa. Talha, ban taɓa ganin Baba haka ba. Idanunsa sun firfito, yana kaɗa kai iya ƙarfinsa, bakin nan da ya karkace yana ta kokawa. Da ƙyar magana ta fito, kuma ka san wadda ta fito. Ya ce alhamdulillahi, ya sake cewa alhamdulillahi, hawaye na bin gemunsa. Kawu ya ɗauka godiya yake yi, ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Kafin kowa ya ɗago, Baba ya riga ya juya fuska jikin bango.

Ban san abin da yake nufi da hotunan nan biyu ba, kuma ba zan yi ƙaryar na sani ba. Na dai san ba abin da aka faɗa ba ne. Da muka fito na gaya musu abin da na gani. Yaya ya ce da kunnensa ya ji mahaifinsa ya yi magana a gaban shaidu, ni wace ce da zan ƙaryata shi. Kawu ya ce abin mamaki ma shi ne 'ya mace ta tsaya tana ƙare wa ubanta kallo yana magana, ina tarbiyya. Na roƙi a koma a sake tambayarsa, aka ce ba a sa babba ya maimaita magana kamar yaro. Gwaggo kaɗai ta ja ni gefe ta ce ita ma jikinta bai ba ta ba, amma muryar ɗan'uwanta ce ta ji, ba ta san yadda za ta yi musu da ita ba. Ni ma har yanzu in na tuna sautin sai in ji kamar shi ne ya yi maganar.

Tun daga ranar bai ƙara taɓa na'urar ba. Idan na kawo ta sai ya kife ta, in na matsa ya ture ta da sanda. Mun koma gidan jiya, ina ɗaga masa kaya ɗaya bayan ɗaya. Abinci sai da lallashi, kunu ma rabin kofi yake sha. Da Yaya ya turo a fara haɗa kayansa, ya ja jiki ya zauna daɓas a kan akwatinsa, aka yi aka yi ya ƙi tashi. Yaya ya ce ai tsofaffi haka suke, yau su yarda gobe su birkice, ciwon ne ke taɓa masa hankali. Wannan kalma ita ta fi yi mini zafi. Mutumin da ke cinye Malam Mahadi a dara kullum, yau an ce hankalinsa ya taɓu don ya ƙi bin maganar da ba shi ya yi ba. Kai ma ka san abin da ke riƙe shi a nan. Daga shimfiɗarsa yana jin kiran salla a masallacin da shi ya aza tubalinsa, kabarin Inna yana bayan gari, abokansa na shigowa ba sai sun yi sallama sau biyu ba. A gidan Yaya kuwa akwai katanga da ƙofar ƙarfe, kowa ya fita aiki tun safe, zai wuni yana kallon fanka.

Da na fara gaya maka a waya, cewa ka yi in duba maka hotunan da ya taɓa, za ku gyara ta, wai irin wannan kuskure ma yana taimaka wa bincike. Na ji haushinka ƙwarai, shi ya sa na kashe wayar, ba layi ne ya katse ba. Ku gyara abinku a hankali, Allah ya ba da sa'a, na san da zuciya ɗaya ka yi, kuma wata rana za ta amfani wani. Amma kai da bakinka ka taɓa gaya mini cewa irin waɗannan na'urori sun iya jera magana fiye da yadda suka iya tunani, cewa hasashen abin da mutum zai faɗa suke yi. Ni ka gaya wa, ba ka gaya wa Yaya ba, ba ka gaya wa Kawu ba. Su a wurinsu abin da Dakta ya aiko daga Turai ba ya kuskure, balle yana magana da muryar Baba.

Yaya ya sa ranar Asabar mai zuwa mota za ta zo. Ya ce mini ƙarara ba zai fasa don maganata ba, sai dai in kai ne ka ce masa na'urar tana iya faɗin abin da Baba bai nufa ba. Abin da nake roƙonka ke nan. Ka kira shi kafin ranar, ka gaya masa a fili, ba da Hausar nan taka ta 'yan boko mai kwana-kwana ba. Ka ce masa ya zo ya zauna a gaban Baba, ya cire kunya ya dubi fuskarsa, ya tambaye shi, ya jira komai daɗewa. Idan Baba ya gyaɗa kai, wallahi ni zan naɗe masa tabarma da hannuna, in ma samu in huta. Idan ya kaɗa kai, a bar shi a ɗakinsa, zan ci gaba da ɗauka iya yadda Allah ya hore mini. Na san ba daɗi mutum ya rage darajar aikinsa a gaban yayansa, amma in ka yi shiru za a ɗauke shi yana ji yana gani, kuma a ce shi ya nema.

Ka gaishe mini da Raudatu, ka ce na gode da maganin shafawa, yana yi wa bayana aiki. Ka shafa mini kan Aisha Humaira. Gwaggo Ladidi tana gaishe ku, Kawu Almustapha ma haka, Fiddausi ta ce a tuna maka da alkawarin da ka yi mata, Malam Mahadi kuma kullum sai ya tambaye ka. Na so in rubuta cewa Baba yana gaishe ka, yadda aka saba, sai na fasa, don ba zan ƙara sa masa magana a baki ba. Na dai gaya masa kai nake rubuta wa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya miƙo hannun hagu ya riƙe gefen takardar nan, har yanzu ga inda ta yamutse. Iyakar abin da ya yi ke nan.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka yaya,
Hansai