Hodar da Duniya ke Jira

Zuwa ga Yaya Sulochana,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gidanmu zuwa naku. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Audugarku ta samu ruwa kuwa? Matata Swarupa na gaishe ki, 'yarmu Hymavathi kuma ta ce lallai in gaya miki ita ce ta biyu a ajinsu.

Aiki sai godiya. Har yanzu ina ɗakin da muke ɗura hodar allurar sefalosforin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kwalabe. Jiya Oga Kondal ya tara mu ya nuna mana zanen kasuwa, layi na ta hawa kamar tsani. Wai asibitocin duniya duk mu suke jira. Abokin aikina Mallesham ya raɗa min, "Duniya na ciwo, Oga na tumbi." Da kyar na danne dariya.

Mu 'yan ginin nan a ware muke, kin sani. Ƙofarmu daban, wurin cin abincinmu daban, don ƙurar hodarmu kaɗan in ta shiga wani magani tana iya kashe wanda jikinsa bai yarda da ita ba. Hannuna na ɗan ƙaiƙayi, amma ba komai.

Ƙaninki,
Yadagiri

Yaya Sulochana,

Ina fata kuna lafiya ke da maigida da yara. Ki ajiye wannan a cikinki.

Ƙaiƙayin nan ya koma ƙirji. In na shiga ɗakin, numfashi sai ya riƙa fita da fito. Ran Lahadi garau nake, Litinin abu ya dawo. Shekaran jiya ina cin shinkafa Swarupa ta ce, "Wai ɗan tsako ka haɗiye ne?" Na ce mura ce. Ta dai kalle ni.

Jikina ya ƙi hodar, Yaya. Ni da na san ta fiye da tafin hannuna. Likitan masana'anta zai zo gwajin fata, kuma duk wanda tasa ta tashi, an raba shi da ginin ke nan. Sauran gine-ginen ba gurbi, na tambaya a fakaice. Gidan da muke ciki na ma'aikata ne, makarantar yarinyar nan ma haka. In koma ƙauye in yi me, ni da ban iya riƙe fartanya ba?

Mallesham ya miƙo min ƙwayar hana ƙaiƙayi. Ya ce, "Sha kafin gwajin, fata ta yi shiru. Ka zaci kai ne na farko? Rabin tsofaffin ginin nan haka suke wucewa." Tana aljihuna. Tsoro nake ji ƙwarai.

Naki,
Yadagiri

Yayata,

Na ga amsarki, na gode. Ina gaida kowa. Kin ce in fito, lafiya uwar jiki. Gaskiya kika faɗa, sai dai na riga na sha ƙwayar.

Fatar ta yi shiru. Likita ya dafa kafaɗata ya ce ina nan kamar doki. Bayan kwana biyu aka buɗe sabon ɗakin ɗuri, wanda ya ninka namu, aka fasa kwakwa a bakin ƙofa don neman albarka, aka rataya min furanni a wuya, wai ni ne shugabansa. Swarupa ta raba alawa ga maƙwabta, sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na daɗe a waje ban iya ƙwanƙwasawa ba.

Ki gaya wa Inna an ƙara min girma, ki tsaya nan.

A wurin bikin Oga ya ce masana sun hango kasuwar za ta yi shekara goma tana hawa, kowa ya kwantar da hankali, aiki ba zai yanke ba. Aka yi ta tafi. Ni kuwa shekarun Hymavathi nake lissafawa, goman nan ce daidai za ta kai ta ƙarshen karatu. Kasuwa za ta kai, Yaya. Ki roƙa min ƙirjin nan ya kai.

Ƙaninki mai kewarki,
Yadagiri