Marafan Kwalba a Bangon Mama

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu ma lafiya lau, in ka cire abin da ka aikata mana.

Jiya na mayar da Baba da Mama gida, bayan sati biyun da ka ce su zauna a wurina don ka yi musu gyaran ba-zata. To, ba-zatar ta yi. Fenti ya yi kyau, tayil sai sheƙi yake, ma'aikatanka sun iya aiki. Amma ina marafan kwalbar da Baba ya jera da ƙusa a bango, daga ɗaki har kicin? Ina igiyar da ya ɗaura zuwa banɗaki? Ina ƙararrawar keken da ke jikin ƙofa? Gwangwanayen kicin ma an zubar, an kawo wasu robobi guda goma sha biyu, duk kai ɗaya, sai ka ce 'yan makaranta a layi.

Mai fenti ya gaya mini kai ka ce a kwashe duk wani tarkace a kai bola. Baba ya tsaya a tsakiyar falo yana bin bango da kallo. Mutumin da ya shekara arba'in yana kafinta, wanda ko cokali ya karye sai ya yi masa sabuwar mariƙa, yau ya wuni zaune ya haɗa hannuwa a cinya. Na duba ƙarƙashin gado ban ga akwatin kayan aikinsa ba. Ka gaya mini inda yake, kuma kada ka aiko mini da wa'azi.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, takardarka ta iso, kuma wa'azin da na ce ba na so shi ya cika shafi biyu. Ka ce ni butulu ce. Ka ce Baba ya tsufa, hannunsa na rawa, ya kamata ya huta da ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe. Ka ce duk lokacin da ka kawo abokan aikinka kunya take kama ka, gida kamar shagon 'yan gwangwan. Akwatin kuma ka bai wa mai fenti kyauta. Sannu da kyauta, Yaya. Teburin da ka yi karatu a kai har ka zama abin da ka zama, da tsohuwar ƙofa Baba ya haɗa maka shi, kuma ban ji ka kira shi tarkace ba a lokacin.

Ga labarin gidanka mai kyau. Ranar Talata Mama ta zuba wa Baba gishiri a shayi, ya shanye bai nuna ba. Ranar Laraba ta buga goshi da ƙofar banɗaki, har yanzu da kumburi. Tun daga ranar ba ta sake sauka daga gado ba sai an riƙe ta. Wai ƙafa ce ke ciwo. Ƙafarta lafiya ƙalau.

Na yi mata alkawari ba zan faɗa ba, amma yau zan karya shi, alhakin kuma a wuyanka. Mama ba ta gani. Shekara uku ke nan idanun suna tafiya, yanzu sai dai ta bambance rana da inuwa. Ta hana a gaya maka, wai kana da nauyi da yawa, kada a ƙara maka.

Baba ne ya zauna ya yi tunanin yadda za ta ci gaba da riƙe gidanta. Marafan nan daidai kwankwasonta ya kafa su, tana tafiya tana shafawa, inda suka zama biyu a haɗe ta san an zo kwana, sai ta juya. Ƙararrawar tana gaya mata an bar ƙofa a buɗe. Gwangwanin sukari ƙusa ɗaya ce a murfinsa, na gishiri biyu, na ganyen shayi uku. Kullum ta yi tuntuɓe da wani abu, washegari sai ka ji guduma, ya ƙirƙiro wata dabarar. Shi ya sa da ka zo bara ta haɗa maka shayi da hannunta, ta kawo maka har kujera, ka sha ka tafi ba ka lura da komai ba. Kana ta latsa waya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da ka tambayi Baba sau ɗaya, me wannan yake yi, da ya gaya maka ko ya hana ka taɓawa. Ba ka tambaya ba, don a ganinka abin da ba a saya a kanti ba ba abu ba ne. Ina jin haushinka ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba.

Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin da Anti ta ce ya kama ka bayan karanta takardata ya sauka.

Babban likitan da ka ce za ka nemo, mun riga ka, mun ga uku, duk bakinsu ɗaya. 'Yar aikin da kake son turowa kuma ka riƙe abarka. Mama ba mai jan ta take nema ba, kicin ɗinta take so.

Na je na karɓo akwatin wurin mai fenti, ya fi ka saurin fahimta. Sai dai ƙaramar gudumar Baba ta ɓace. Na bi maƙwabta da mai shagon bakin titi na tara marafai cike da leda. Da farko Baba ya ƙi ko kallonsu, ya ce ba zai ɓata wa ɗansa fenti ba. Sai na ɗauki dutse na kafa na farko da kaina, a karkace. Bai iya jurewa ba, ya tashi ya karɓe yana mita, wai ban gaji komai daga gare shi ba. Yanzu ni nake riƙe ƙusa shi yana bugawa da babbar guduma, ya sami babban yatsana sau biyu. Tayil ɗinka kuwa santsi gare shi, sai ya yanka tsohuwar tayar keke ya manna a hanya. Robobinka ma ya buga wa murafansu ƙusa, kamar na gwangwanayen da. Bangonka ya lalace, ina sanar da kai da farin ciki.

Yau da safe Mama ta isa kicin ita kaɗai, ta haɗa shayi, kuma sukari ta zuba.

Ba ta san na gaya maka ba. Da ta ji za ka zo ranar Asabar, sai ta kira ni gefe ta tambaye ni wane launi ne fentin, don ta yaba maka kada ranka ya ɓaci. Na ce mata ruwan madara ne. Tun ɗazu take maimaitawa kada ta manta.

Saboda haka idan ta ce maka ruwan madarar nan ya yi kyau, ka yi godiya ka ja bakinka ka yi shiru. Wayarka ta zauna a mota. Ka taho da ƙaramar guduma, akwai sauran bango ɗaya, kuma wannan karon kai za ka riƙe ƙusa.

Ƙanwarka duk da haka,
Auta