Duron Malam Gwadabe

Takur, Dutse
5 ga Nuwamba, 2000

Zuwa ga matata abar ƙaunata, Maman Becky,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kina lafiya, ke da Becky da Monday. Yaya jikin Mama? Yaya sanyin Pankshin? Ni dai lafiyata ƙalau, ban da kewarku, da kuma girkina wanda ni kaina sai na rufe ido nake haɗiye shi.

Na ga saƙonki, wai in tattara in biyo ku. Patricia, ki kwantar da hankalinki. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a nan ba wanda ya ce mini kanzil. Amma ba zan ɓoye miki ba, da na ji hayaniya a bakin titi sai gabana ya faɗi, ko da 'yan acaɓa ne ke rigimar fasinja. Abin da ya faru a Kaduna bai bar zuciyar kowa ba, wanda maciji ya sara kuwa ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ga labari mai daɗi. Cibiyarmu ta binciken fasahar noma ta shirya mana bita ta mako biyu a kan ƙirƙire-ƙirƙire. Wani Dokta Nata'ala aka ɗauko daga Zariya, ba ya tauna magana. Ran farko ya ce mun shekara muna bincike muna jibgewa a kabad, ɓeraye ne kaɗai ke amfana da iliminmu. Ya ce kafin a rufe bita kowa ya fito da sabon abu guda, ya kai shi hannun mutum na gaske ya gwada. Ni dabarata ita ce adana wake a duron ƙarfe, a toshe bakinsa yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu, babu magani, babu toka.

Wanda ya yarda a gwada da shi wani dattijo ne, Malam Gwadabe, a ƙauyen Kafin Marke, bayan Jahun. Yana da wani jan wake mai saurin nuna da ya gada wurin mahaifinsa, ba a samunsa a kasuwa, a wurinsa duk garin suka samo iri. Na ce ya ba ni rabi, ya ce shi ba ya yarda da mutum rabi-rabi, ya juye mini buhu biyu, duk irin da zai shuka baɗi ke nan.

Muna shirin rufewa a ƙofar gida sai muka ji muryar matarsa, Inna Kubura, daga ciki. Kin san ba shiga zan yi ba, ban taɓa ganin ko fuskarta ba. Wai ta ciji waken bai yi ƙara ba, a ba ta kwana uku ta ƙara shanya shi. Ga shi jibi a lokacin za a rufe bita, ana son hoto. Na ciro na'urar auna laima ta ofis, na auna, na duba takardar da ke fassara lambobinta, ta ba ni goma sha biyu cikin ɗari, daidai yadda ake so. Na ce wa Malam na'ura ba ta ƙarya. Ya yi dariya ya ɗaga murya ya ce, “Kubura, haƙorinki ne ya tsufa!” Muka ɗaure murfin da robar tayar mashin.

Bayan Sallah za a buɗe a gaban manyan baƙi da 'yan rediyo. Har an fara tsokanata a ofis ana ce mini Farfesan Wake. Ki gaishe da Mama da yara.

Naki har abada,
Baban Becky

Takur, Dutse
26 ga Nuwamba, 2000

Matata Patricia,

Alheri da salama su kasance tare da ke. Ina fatan kuna lafiya gaba ɗaya, kuma tarin Monday ya yi sauƙi. Wannan wasiƙar kada ki karanta wa Mama.

Na tafka kuskure, kuma ke ce ta biyu da na gaya wa. Ran Alhamis ina rubuta rahoton bita na sake ɗauko takardar nan ta na'ura. Layi-layi take, kowane hatsi da nasa. Ashe ran nan a ƙofar gidan Malam Gwadabe, layin masara na bi da yatsana. Da na bi layin wake, sai ga goma sha takwas. Na auna da ido, na ɗora rula, na sake dubawa har sau biyar, goma sha takwas ɗin dai. Inna Kubura ce da gaskiya. Mu da aka yi mako biyu ana nanata mana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na rubuta har a littafina, na ja layi a ƙarƙashi.

Bari in gaya miki abin da hakan ke nufi. Wake mai laima in aka toshe shi, gumi yake yi, ya ɗau zafi, ya yi hunhuna, idon da ke tsirowa ya mutu. Yau kwana ashirin da biyar ke nan yana rufe. Duk garin da ya waye, ƙarin iri ne ke mutuwa a cikin duron nan.

Na je na sami Daraktan cibiyarmu. Ya rufe ƙofa, ya ce kada in kuskura in taɓa duron, an riga an aika takardun gayyata. Wai in an buɗe an tarar da ɓarna a ce ƙaddara ce, gwaji ya gaji haka. Sannan ya sassauta murya ya ce, “Boaz, shawara nake ba ka. Kai baƙo ne. Bana ba shekarar da za ka shiga ƙauye ka ce ka kashe musu iri ba ce.” Na fi tsorata da wannan, domin ba da mugunta ya faɗa ba. Na nemi Dokta Nata'ala a waya, layin Zariya ya ƙi shiga.

Nakan ga kaina a tsakiyar Kafin Marke, wani ya ce da gangan na yi, wani ya ɗauka ya kai gaba. Magana zarar bunu ce, wa zai tsaya ya saurari zancen layin masara? In kuma na yi shiru, ranar buɗewa ina cikin manya da 'yan sanda, ba mai taɓa ni, amma dattijon nan zai tashi ba iri. Yau a coci ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba. Tsoro nake ji, Patricia, na tafiya da na zama duka.

Gobe ake sa ran za su ɗauki azumi. Ki yi mini addu'a.

Mijinki,
Boaz

Takur, Dutse
3 ga Disamba, 2000

Maman Becky, uwargidana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara da Mama. Kafin komai, lafiyata ƙalau, ko ƙwarzane babu a jikina.

Na je. Amma sai da na ƙara ɓata kwana biyu ina shiri ina kwancewa, wannan alhakin ma yana wuyana. Ran Laraba na bar wa maƙwabcinmu makulli da adireshinki, na hau motar Jahun, daga can na hau acaɓa. Ban gaya wa kowa a ofis ba.

Na sami Malam Gwadabe a zaure yana tufkar igiya. Ya yi murna, yana ba ni haƙuri wai na zo da azumi, amma bari a kawo mini ruwa tunda ni ba na yi. Na durƙusa na gaya masa komai. Bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye igiyar ya ce mu je.

Da muka yanke robar, wani tururi mai ɗoyi ya buso mana. Saman waken ya yi fari fat, ya dunƙule. Malam ya zura hannu har gwiwar hannu, ya daɗe a haka, sannan ya ce, “Da zafi.” Ya ja salati. Can sai ga tabarmi da faifai Inna Kubura na turowa daga cikin gida ta ƙofar zaure. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ina cewa mafi munin ya wuce, sai Malam ya ce in ɗauki takalmina. Ashe da mutanen gari suka ga shi ya rufe nasa, gida takwas sun nemo duro sun rufe nasu, wasu ma ɗanye shar daga gona, tunda an ce na'urar gwamnati ta yarda. Shi ne a gaba, ni a baya, ƙofa-ƙofa, yana sallama yana cewa, “Ni kuka gani kuka rufe, ni nake ce muku ku buɗe.” Kafin gida na huɗu mutane sun cika lungun, ba mai magana, sai ƙarar takalma a bayana. Ban iya waiwayawa ba.

A gida na shida, wani ƙaƙƙarfa mai suna Barau ya buɗe nasa, ya sunsuna, ya juyo ya cakumi rigata. Ya ce, “Kai, faɗa mana gaskiya, wa ya aiko ka?” Na ji taron ya matso. Wallahi ke da yara na gani a idona. Malam Gwadabe ya ɗora hannu a kan nasa ya ce, “Sakar masa riga, da bakin azumi kake. Wanda aka aiko ba ya tako ƙafa ya zo ya tona wa kansa asiri.” Ya sake ni, amma bai daina kallona ba har na bar ƙofarsa.

An shanya komai. Na ɗebo ƙwaya ɗari-ɗari daga kowane gida, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, suna nan jere a ɗakinmu. Bayan mako zan san nawa ke da rai. Sau goma nake leƙa su a yini.

Naki,
Baban Becky

Takur, Dutse
10 ga Disamba, 2000

Abar ƙaunata Patricia,

Ina gaishe ki cikin ƙaunar Ubangiji, ina gaida Mama da 'ya'yana. Na ga amsarki, na ga inda hawaye ya ɓata tawada. Ki yafe mini tashin hankalin da na jawo miki.

An soke bikin buɗewa, an kuma ba ni takardar neman ba'asi. Ban san abin da za su yanke ba, kuma abin mamaki ban cika damuwa ba.

Na kwance tsummokan. Gidajen da suka rufe daga baya da sauƙi, wani saba'in, wani sittin, na Barau hamsin da takwas. Na Malam Gwadabe, wanda ya riga kowa yarda da ni, ashirin da uku ne suka tsiro. Abin da ke firgita ni kuma, hunhuna ba ta daina cin wake don an shanya shi, kafin ruwan fari ya sauka wata shida nan gaba sauran na iya mutuwa gaba ɗaya.

Jiya na kai musu. Na gaya wa Malam wannan ma, ban rage komai ba. Ya buɗe tsumman a cinyarsa ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa. Mu a ofis in mun gama ƙirge zubarwa muke yi, don haka na miƙa hannu in karɓa. Ya janye. Ya ce, “Ina za ka kai su?” Na ce ai gwaji ne, an gama da su. Ya dube ni ya ce, “Su ba su san gwaji ba ne, fitowa suka yi.”

Ya ɗauki buta da ƙaramar fartanya, ya nufi fadama inda suke ɗan noman rani. Rana tsaka, ga azumi, ga tsufa. Ya durƙusa kusa da rijiya yana tona rami da yatsa, yana sa su ɗaya-ɗaya, yana tallafe saiwar kada ta karye, yana ɗiga ruwa. Na tsaya a kansa da fayil a hammata kamar gunki. Da na ga da ƙyar ya kai na bakwai, na ajiye fayil ɗin na durƙusa, na zare birona ina tona masa ramukan. Bai ce in bari ba, bai kuma ce na gode ba. A nan na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Ba zan zo Kirsimeti ba. Akwai awaki, akwai tsutsa, ga sanyi na shigowa, kuma wannan waken bai taɓa ganin rani ba. Duk Asabar zan riƙa zuwa in ja masa ruwa. Na san za ki ce lungun Barau zan riƙa ratsawa. Haka ne, kuma har yau in na tuna hannunsa a wuyana sai jikina ya yi sanyi.

Ki rungume mini Becky da Monday. In kun durƙusa addu'a, bayan kun ambace ni ku ambace su. Su ashirin da uku ne.

Mijinki mai ƙaunarki,
Boaz