Humrar Nuriyya

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Yau Goggo, ƙanwar baban mijina Yaya Salmanu, ta kira ni ɗakinta ta ce ni zan haɗa humrar bikin ƙanwarsa Nuriyya. Ni! Shekara talatin ita ke haɗa wa duk amaryar gidan nan, ba ta taɓa sakar wa kowa ba. Ta ce, "Lailatu, wata bakwai da kawo ki, na ga hancinki na aiki." Saura mako shida bikin. Duk dangin mijina za su shinshina wuyan ƙanwarsa su tambayi wa ya haɗa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ajin Ingilishi a unguwar Abena. Madam, 'yar Kamarun da ke koyar da mu, ta rubuta overdo a allo. Ta ce yin abu ne har ya wuce kima, kuma ba yabo ba ne. Ana faɗa wa mai cika gishiri a miya, ko mai lafta kwalliya, ko wanda ya tashi daga jinya ya kama aiki kamar jaki. Abin da ake yin mai kyau ne, yawansa ke ɓata shi. Ta ce kowa ya kawo jimla. Ban samu ba. A littattafan da nake karantawa ba a taɓa cewa ƙamshi ya yi yawa. Jarumar takan fito, layin gaba ɗaya ya ɗauka.

Asabar, 12 ga Oktoba

Yaya Salmanu ya ƙetara gadar Ngueli ya kawo min sandal da miski da madarar turare daga Kusuri, can Kamaru, da sabon littafi ɗaya a ƙarƙashin ledar. Tun shekaranjiya Goggo ta ba ni farce, ɓawon nan na teku mai riƙe ƙamshi a jiki. Ta ce in jiƙa shi kwana uku, in kankare, in soya, in daka. Kofin shayi ɗaya, kalas, ba ƙari.

Uku na zuba. Jiƙon ma kwana ɗaya na yi, don na ƙagu. So nake Nuriyya ta wuce, bayan awa guda a ce nan ta bi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Kullum sai na girgiza kwalbar na mayar bayan akwati. Launinta kamar zuma. Wallahi na iya.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na buɗe. Na shafa a hannu na miƙa wa Yaya Salmanu. Ya shinshina ya ce, "Ke kuma yaushe kika je kasuwar Walia sayen kifi?" Ya ga fuskata ya daina dariya.

Ƙarni. Ƙarni zalla a ƙarƙashin sandal ɗin.

Talata, 22 ga Oktoba

Na yi niyyar in ƙara miski in rufe, ba wanda zai sani sai ranar biki. Na zauna da kwalbar har azahar. Sai na ɗauka na kai wa Goggo.

Ba ta ko cire murfin duka ba. "Kofi nawa?" Na ce uku. Ta ce, "Amarya za ki haɗa wa ko masunta?" Na jira ta karɓe aikin. Sai ta jawo kwano ta zuba sabon farce ta turo min. "Kwana uku. Ki ƙirga da yatsunki, 'yar boko."

Laraba, 23 ga Oktoba

Na ba Madam jimlata, a kan turare. Ta ce daidai ne, ta sa aka maimaita. Ban faɗa musu wace ce mai turaren ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

An yi kamu. Sai ka matso kusa da Nuriyya kake jin humrar, in ka ji kuma ba ka son matsawa. Wata Balarabiya daga dangin ango ta riƙe mayafinta tana tambaya. Goggo ta nuna ni da haɓa ta ce, "Matar ɗana ce." Na shige kicin don kada a ga bakina ya ƙi rufuwa.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Balarabiyar ta aiko, tana so in haɗa wa 'yarta. Na amsa, ai yanzu hannuna ya faɗa. Na ce wa Goggo ta zo ta zauna kusa da ni ranar haɗin. Don hira kawai.