Ɓarauniyar Hanyar Filin Wasa

Maigida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ƙafar nan taka? Ina fata kana shafa maganin, ba ajiye shi ka yi a jaka yana hutawa ba. Mu nan lafiya lau.

Nemi wuri ka zauna. Autarka za ta hau dandamali! Waƙar nan da take yi tana wanke-wanke, kana cewa ta hana ka jin labarai, ita masu shirya babban wasan ranar Asabar suka ji, suka ce Auta ce za ta buɗe fage kafin manyan mawaƙa. Sharaɗi ɗaya: ta isa ƙofar ma'aikata kafin ƙarfe biyar, in ba haka ba akwai wata a gefe tana gyaran murya.

Ka san filin, titi ɗaya tak ke shiga, motocin haya kuma tun daga mahaɗa suke juye mutane. An ce bara wasu a cikin mota suka ji tafin tashi. Amma matarka ba yau ta fara shiga gari ba. Na gano wata ɓarauniyar hanya ta bayan ɗakunan ajiyar siminti, mai ɓullewa dab da katanga. Ban gaya wa kowa ba sai Mai Kwanuka, maƙwabciyar rumfata, ita ma sai da ta rantse.

Na yanka wa Auta farin leshin da na hana manyan kwastomomina. Ka sa mu a addu'a.

Taka har kullum,
Mai Atamfa

Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar ƙafa, ga labari.

Ashe rantsuwar Mai Kwanuka kwando ce, ba ta riƙe ruwa. Ta gaya wa mutum ɗaya, shi ma ya rantse. Da tasinmu ta karya kwanar siminti sai na ga kasuwarmu kaf ta riga mu: mai takalma, masu gwanjo, har mahauci da iyalinsa, kowa na ɗaga mini hannu yana godiya. Gaba ba hanya, baya an toshe. Direba ya kashe mota ya fara yankan farce. Ƙarfe huɗu da rabi ta gota, Auta ta fara hawaye, kwalli na shirin sauka kan leshi.

Muka fito da ƙafa. Mutane kuwa kamar an zuba shinkafa a buhu, kowa ya ci ado, ba mai matsawa ko da ka ce uwarsa ce ke wucewa. Can na hango Dogo ɗan dako ya jingina da baronsa, buhunan gawayi a kai, zai kai wa masu gasa nama a bakin fili. Nan kaina ya kawo wuta. Shekara nawa ina gani a layinmu: roƙo ba ya buɗe hanya, tsoron tabo ke buɗewa.

Na sa ya kwance bakin buhu ɗaya, ya tura baro yana ihun gawayi, ni ina gefe ina karkaɗa buhun don ƙura ta tashi, Auta a baya na lulluɓe ta da mayafina. Maigida, da ka ga masu fararen kaya suna tsalle kamar an watsa wa kaji ruwa! Wani mai farin takalmi har kan mota ya ɗale. Na sha zagi iri-iri, na ce Allah ya ƙara. Muna isa, mai gadi na jan ƙofa. Na cire mayafin, leshi fes, na tura ta ciki.

Ni kuwa ya dube ni sama da ƙasa, baƙi ƙirin har gira, ya nemi katin shiga. Katin yana cikin tasi, tasi tana bayan siminti.

Kada ka ji tausayina. Na hau baron Dogo na zauna kan buhu, sai ga muryar 'yarka ta keto katanga. Titin nan da ya cika da hon ya yi tsit. Waɗanda suka gama zagina suka sauke gilashi suna tambayar wace ce wannan. Na miƙe tsaye na gaya musu, da ƙarfin da nake kiran ciniki. Na ciki sun biya sun ji, na waje kuwa har uwar mawaƙiya suka gani.

Ka sayo mini sabulu mai ƙarfi in za ka dawo. Auta na gaishe ka, ta ce yanzu kai za ka kashe labarai.

Taka,
Mai Atamfa, wadda kasuwa ta koma kira Mai Gawayi